Martani: Kafin Mu Sallaci Makarantar Nan, Wa Ya Tabbatar Ta Mutu?

Ina godiya ga masu kula da wannan mujalla tamu ta Sabo da suka ba ni fili. Ni ba marubuci ba ne. Goro nake sayarwa, in kuma liman ya yi tafiya ko jiki ya ƙi, ni nake jan salla a masallacin layinmu. Karatuna na Islamiyya ne, ɗan bokon da na sani a kasuwa na tsince shi. Amma abin da na karanta a fitowar da ta wuce ya hana ni yin shiru.

Ɗan'uwana Alhaji, wanda muke tsayuwa sahu ɗaya da shi fiye da shekara ashirin, ya rubuta cewa 'yar firamaren gwamnatin nan ta bakin unguwa ta mutu, binnewa kawai ta rage. Ya kawo shawara cewa a taron unguwa da za a yi bayan Babbar Salla a yanke magana ɗaya: kowa ya kwashe 'ya'yansa daga can, a haɗa kuɗi a kama gida, a buɗe tamu makarantar ta kuɗi. Tun da mujallar ta fito zancen ke nan a majalisa, a teburin mai shayi, har a ƙofar masallaci, kuma na ga mutane da yawa sun karkata.

Alhaji, Allah ya bar zumunci. Ni akan buga mini ƙofa da tsakar dare a ce wane ya cika, in zo. Ban taɓa cewa a je a haƙa kabari ba sai na shiga ɗakin, na ɗora hannuna a kan mutumin, na tabbatar. To kai ka shiga? Sau biyu na karanta rubutunka. Ka ambaci fentin da ya koɗe, tagogin da ba marfi, kwanon da iska ta ɗaye, da awakin da ke kiwo a filin. Duk gaskiya ne. Sai dai duk abin da ka lissafa daga kan titi ake hango shi, mutum na zaune cikin mota. Babu layi ɗaya a rubutun da ya nuna ka taka ƙafarka cikin aji, ko ka ji muryar yaro ɗaya yana karatu.

Ba zan yi maka dariya ba, domin ni na riga ka faɗawa wannan ramin, kuma da kuɗina na faɗa.

Shekarun baya na cire autana daga wannan makarantar da ake magana, saboda dalilan da ka lissafa ɗin nan. Na kai shi wata ta kuɗi mai dogon suna, har da Intanashinal a ƙarshe. Yunifom kala biyu, na Laraba daban. Takalmi da safa farare. Duk ƙarshen zango ya zo mini da kati, in bai yi na ɗaya ba ya yi na biyu. Aka yi musu bikin yaye daga nazire da wata riga mai kama da alkyabba da hula mai kusurwa huɗu, na biya kuɗin hoto, na rataye a rumfa ina nuna wa abokan ciniki. Kuɗin zango, kuɗin gini, kuɗin lesin, kuɗin biki, babu wanda na yi jayayya a kai.

Yana aji huɗu uwarsa ta kwanta rashin lafiya. Na sayo magani, na manta abin da mai kemis ya ce, sai na miƙa wa yaron kwalin na ce karanta mini yadda ake sha. Ya juya kwalin, ya sake juyawa, ya kama harafin farko ya tsaya. A tsakar gidan akwai 'yar wani maƙwabcinmu mai tura kurar ruwa, sa'arsa ce, ita tana makarantar gwamnatin da na raina, yunifom ɗinta duk faci. Ta karɓa ta karanta, sannan ta ce mini da Hausa: "Baba, cokali ɗaya ne sau uku a rana, bayan an ci abinci." Wallahi ranar nan ban iya cin tuwon dare ba.

Kashegari na je makarantar kuɗin. Malamar ajinsu yarinya ce da ta gama sakandare tana jiran jarrabawar shiga jami'a, kuma ita ce ta uku a ajin a wannan shekarar, domin abin da ake biyansu ba ya riƙe kowa. Na tambayi mai makarantar yaya aka yi yaron da bai iya karanta kwalin magani ba yake zuwa na ɗaya. Ya yi ta ba ni haƙuri yana kawo zance. A hanyar komawa gida na ba kaina amsa, don ni ma ɗan kasuwa ne: wa ya taɓa ɓata wa mai sayen kayansa rai da gangan? Mutumin nan ya gane abin da nake so in gani a katin, shi ya sayar mini.

Kada a ce na yi wa makarantun kuɗi kuɗin goro. Akwai nagartattu a garin nan, na san da su. Amma ku tambayi farashinsu, sannan ku duba mutum nawa a layinku za su iya. Irin wadda yawancinmu ke iya biya ita ce ta shago uku da aka fasa bango, kuma irinta za mu buɗe in muka bi shawarar Alhaji.

Mu da muka yi karatun allo bai kamata a yaudare mu da fenti ba. A soro muka yi karatu, wasu a gindin bishiya, wasu a gaban wutar kara. Da me iyayenmu suke auna malami? Uba zai kira yaro ya ce ɗauko allonka ka biya mini. In ya biya, sai ya sa tsinke a tsakiyar allon ya ce wannan wane baƙi ne, wane wasali ne a kansa? Nan ake gane wanda ya san babbaƙu da farfaru da wanda ya haddace da ka kawai yana bin muryar 'yan'uwansa. Babu wanda ya taɓa tambayar launin bangon soron. Yaya aka yi da muka zo kan boko muka jefar da wannan ma'aunin, muka koma auna makaranta da allon da aka kafa a ƙofa?

Haka abin yake a sana'ata. In aka kawo mini kwandon goro daga Shagamu ko ƙauyukan Ondo, ganyen da aka lulluɓe shi ba ya gaya mini komai. Kowa ya san na sama shi ake zaɓa a jera. Sai na tura hannu har ƙasa, na ɗebo daga tsakiya, na fasa biyu uku in ga ko sankara ta shiga, kafin in buɗe baki in yi tayi. Wanda ya sayi goro da kyan ganye, shi da uwar kuɗinsa sun yi sallama.

Saboda haka da rubutun Alhaji ya fito na ce bari in tura hannu cikin kwandon. Na je makarantar nan sau biyar a cikin wata guda, ranaku daban-daban, ban gaya wa kowa zan zo ba. Shugabar makarantar Bayarabiya ce, dattijuwa, ta kusa ritaya. Da na gaishe ta da Yarbanci na faɗi abin da ya kawo ni, sai ta ce in zauna tukuna. Ta ce tun da aka kawo ta nan, in ta ga uba daga ɓangarenmu ya shigo ofishinta, to rigima ce ta kawo shi, an taɓa masa yaro. Wanda ya zo tambayar karatu, ni ne na farko. Na sunkuyar da kai, don na san ba ƙarya ta yi ba. Ta ce in shiga duk ajin da na ga dama.

Abu biyar na auna, kuma kowane uba zai iya auna su ko bai taɓa zama a benci ba.

Na farko, malami yana zuwa? Wannan shi ne tushe, don in babu malami a aji sauran duk labari ne. Nakan isa kafin ƙarfe takwas in tsaya a gefe. Ajujuwa shida ne, malamai biyar har da shugabar, saboda haka an haɗe aji biyu da aji uku a ɗaki ɗaya. Huɗu daga cikinsu duk zuwan da na yi na same su kafin a kaɗa ƙararrawa. Ɗaya kam sau biyu yana zuwa bayan tara, kuma na gan shi da idona yana danna waya yara na surutu. Ban ɓoye wa shugabar ba, ita ma ba ta kare shi ba. Duka biyar ɗin suna da takardar koyarwa, aƙalla NCE, wadda ita ce mafi ƙarancin shaidar da tsarin ilimin ƙasar nan ya yarda a koyar da ita a firamare. Alhaji, je ka tambayi makarantun shagon nan malamai nawa ke da ita.

Na biyu, yaro yana karantawa? Ban yarda a ba ni littafin aji ba, don yaro kan haddace shi kamar yadda ɗana ya yi. Da tsohuwar jaridar da nake naɗe goro na je, da kwalin magani. Na zaɓi yara goma a aji huɗu da hannuna, ban bari malamar ta zaɓar mini ba. Kowanne na sa ya karanta layi uku, sannan ya gaya mini abin da aka ce da Hausa ko da Yarbanci. Shida sun karanta sun kuma bayyana. Biyu suna tuntuɓe amma suna isa. Biyu ko harafi ba sa haɗawa. Wannan ba abin a buga ganga ba ne, yaron aji huɗu ya kamata a ce ya wuce nan. Amma gawa ba ta karanta jarida.

Na uku, littafin rubutu. Ku buɗe na 'ya'yanku yau da dare, ba sai kun iya Turanci ba. Ku duba kwanan wata a saman shafi: yana bin juna, ko akwai ramin sati biyu? Ku duba jan biro: malami ya gyara kuskure, ko maki kawai ya zuba ya wuce? A aji ɗaya da huɗu da shida na ga gyara kusan kowane shafi, har inda aka sa yaro ya sake rubuta kalmar da ya ɓata. A ajin da aka haɗe kuwa jan biron jefi-jefi ne. Na ƙirga kawuna a ɗakin nan sun haura hamsin, alhali tsarin ilimi na ƙasa cewa ya yi malami ɗaya ga yara 35. Mace ɗaya, aji biyu, allo ɗaya an raba shi da alli. Ko wace ce ita, abin ya fi ƙarfinta.

Na huɗu, lissafi. Nan kam fagena ne. Na ce wa 'yan aji biyar: an ba ka naira 1,000, an sayi abu uku kowanne naira 250, nawa ne canji? Kafin in rufe baki hannuwa sun tashi. Na ƙara musu mai wuya, na rabon riba tsakanin mutum uku, yawancinsu suka fitar a takarda. A lissafi makarantar nan ba ta jin kunyar kowa.

Na biyar, halin da yaro ke ciki in ya shiga. A nan makarantar ta faɗi, kuma ba zan rufa mata asiri ba. Banɗaki ya lalace, ba a shiga. Babu ruwa. 'Yan mata manya in larura ta kama su gida suke tafiya, in sun tafi kuwa ba sa dawowa sai gobe. Babu katanga, da dare 'yan shaye-shaye ke kwana a baranda, da safe yara su share abin da suka bari. Ajin da kwanonsa ya ɗaye, in hadari ya haɗu sai a kwashe yaran a cusa su a wani. Benci bai isa ba.

Da goro ne aka ce in yi masa kuɗi, sai in ce ba marsa ba ne, ba kuma minu ba. Saran-waga ne, sankara ta taɓa gefe ɗaya na kwandon. Irin wannan ba a zubar da shi a bola. Zama ake yi a tsince, a canza ganye, a yayyafa ruwa.

Akwai abin da na bari sai yanzu, don shi ya fi yi mini ciwo. Yara huɗun nan da suka kasa ko suke tuntuɓe, uku namu ne. Na roƙi malamar ta buɗe mini rajista. Duk ukun, in ka bi layin sunansu, rashin zuwa ya kusa kai zuwa yawa. Ɗaya tana tallan abinci a tasha sai ta sayar take tahowa. Ɗaya ubansa kan ɗauke shi jiran shago duk ranar da kaya suka iso. Ɗayan an tafi da shi Arewa biki aka yi wata biyu. Ran Juma'a kuwa, in ji malaman, kusan rabin yaranmu ba a ganinsu tun safe, kamar sallar da hantsi ake yinta. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Malami zai koyar da benci ne?

Laifi tudu ne, bari in sauka daga kan nawa. A ƙofar masallacinmu ina da 'yan yara da nake biya wa allo bayan Asuba. Shekara da shekaru ba na sallamarsu sai takwas ta gota. Kafin su je gida su karya, su sa yunifom, su isa makaranta, an gama darasin farko, wanda yawanci shi ne na karatu ko lissafi. Ni da bakina nake cewa boko ba ta koya musu komai, ashe ni nake cinye musu awa mafi albarka. Tun da na ga rajistar nan ƙarfe bakwai nake tashinsu, mu ƙarasa bayan La'asar. Ba a rage ko aya ɗaya ba. Ina roƙon 'yan'uwana malaman allo da na Islamiyyar safe su duba wannan, don Allah.

Na san abin da za a ce mini, don an riga an faɗa mini a majalisa.

Wasu sun ce tsoron addinin yaran suke ji. Tsoro ne mai asali, ba na raina shi. A zamanin kakanninmu yawancin makarantun ƙasar nan na mishan ne, wanda ya ƙi kai ɗansa yana da hujja. Amma wannan ta gwamnati ce, a garin da Musulmi suke ko'ina, kuma cikin malaman nan biyar akwai waɗanda muke haɗuwa da su a masallacin Juma'a. 'Yan matanmu da hijabinsu na gan su a aji, babu mai ce musu kanzil. Ko a Legas da aka yi ta shari'a kan hijabi a makarantun gwamnati, Kotun Ƙoli ta yanke a 2022 cewa haƙƙin ɗaliba Musulma ne. In ma wani abu ya taso, uban da ke leƙawa shi zai fara sani. Wanda ya ƙaurace kuwa sai dai a ba shi labari. Tarbiyya kuma tun asali aikin gida ne da Islamiyya, babu hedimastan da zai ɗauke mana shi.

Wasu sun ce da Yarbanci ake yi wa ƙananan aji bayani. Haka ne, na ji da kunnena. To yaran da aka haifa a Sabo, wanne ne ba ya jin Yarbanci? Ni da wane harshe nake cinikin goro da matan da ke kawo mini kaya? Waɗanda abin ke wahalarwa su ne 'ya'yan baƙin da suka zo daga Arewa kwanan nan, kuma maganin wannan yana hannunmu. Muna da samari da 'yan mata a unguwar nan da suka yi NCE suna zaune. A ɗauki ɗaya, unguwa ta riƙa ba shi ɗan abin sabulu, ya riƙa taimaka wa 'yan aji ɗaya da Hausa har su kama. Shugabar ta ce tana maraba.

Maganar da ta fi ba ni haushi ita ce wai makarantar ba tamu ba ce, ta 'yan gari ce. Haba jama'a! An kafa Sabo a 1916. Shekara ɗari da ɗoriya ke nan. Kakannin wasunmu a nan Badun aka binne su. Kullum ta Allah muna yankar tikiti a kasuwa, muna biyan kuɗin shago, muna biyan haraji a kan duk abin da muka saya. Albashin malaman nan daga ina yake fitowa in ba daga irin wannan ba? Shirin UBE a Sakkwato aka ƙaddamar da shi a 1999, dokarsa ta 2004 kuma ta ce karatun shekara tara, shida na firamare da uku na ƙaramar sakandare, kyauta ne kuma dole ne ga kowane yaro ɗan Najeriya. Ba ta ce ban da ɗan Bahaushen da ke zaune a Kudu ba. Har hukunci ta tanada ga uban da ya ƙi kai ɗansa. Haƙƙinka ne ka riga ka biya, ka bar shi a ƙasa, kana shirin sake biyan wani a shago.

Mun taɓa yin irin wannan asarar. A 1955 Awolowo ya buɗe karatun firamare kyauta a Jihar Yamma. Maƙwabtanmu suka tura 'ya'yansu, har ɗan manomi da ɗan mai sayar da itace. Yawancin namu suka tsaya a gefe. Waɗancan yaran su ne suka zama lauyoyi, likitoci da manyan ma'aikatan da muke bin layi a ofisoshinsu, mu kuwa har yau in takardar haya ko ta kotu ta zo sai mun nemi mai karanta mana. Da rikicin kasuwar Shasha ya tashi a 2021, kowa ya ga amfanin 'yan kaɗan ɗin nan namu da ke iya zama da hukuma su yi magana da Turanci da Yarbanci, su rubuta koke da hannunsu. Irin waɗannan ba daga sama suke faɗowa ba, a benci irin na makarantar nan suke farawa.

Yanzu mu zo kan shawarar kanta. A ce mun buɗe tamu ta kuɗi. 'Ya'yan wa za su shiga? Na Alhaji, da nawa, da na masu shaguna da 'yan canji. To ɗan mai yankan farce fa? 'Yar mai kurar ruwan nan da ta karanta mini kwalin magani fa? Marayun da ke hannun kakanninsu mata? 'Ya'yan masu gadi, da 'yan dako, da na bayin Allah makafi da kutare da ke zaune tare da mu? Za a ce za a yi musu rangwame. Mun sha ji. Zangon farko za a yi, na biyu a fara korar yara saboda kuɗin makaranta, don haya da albashi ba sa jiran tausayi.

Kuma kada mu ɗauka in mun kwashe namu, ta gwamnatin za ta tsaya tana jiran talakawanmu. Hukuma da rajista take aiki. In sunaye suka ragu, malamin da ya yi ritaya ba a kawo madadinsa, wanda ya rage a ɗauke shi a kai inda yara suke, daga nan a ce a haɗe makarantar da wata. Ɗan shekara shida zai riƙa tsallaka manyan titunan nan na wajen Mokola da safe, tsakanin tasi da acaɓa? Uwarsa ba za ta yarda ba, kuma tana da gaskiya. Sai ya zauna a gida, daga gida sai tasha. A ranar ne makarantar za ta mutu da gaske, kuma ranar da aka tambaye mu wa ya kashe ta, ba mu da wanda za mu nuna. Allah ya yi mana kashedi a kan tauye mudu, ya kuma umarce mu da bin diddigin labari kafin mu yi aiki da shi. Yanke wa wuri hukunci daga cikin mota, a ganina, ya taɓa duka biyun.

Ga abin da zan kawo a taron, in Allah ya kai mu. Kuɗin da za a tara na kama gida, a ɗauki kaɗan daga ciki a gyara banɗaki, a ja ruwa, a rufe kwanon nan kafin damina ta yi nisa. Muna da magina da kafintoci da masu walda a unguwa, wasu ladan kawai suke so. Sannan kowace makarantar gwamnati tana da kwamitin al'umma da ake kira SBMC, wanda aka tanadi kujeru a cikinsa domin iyaye, mata, malaman addini, tsofaffin ɗalibai da wakilin masu unguwa. Na tambaya, babu namu ko ɗaya da ke zuwa zamansa. A zaɓi mutum biyu da mace ɗaya su shiga. A rubuta takarda ta hannun sarkinmu zuwa ofishin ilimi na ƙaramar hukuma da SUBEB, a nemi ƙarin malami don a raba ajin nan da aka haɗe, a nemi katanga, a kuma bi takardar da ƙafa, kada a aika a koma a kwanta. Duk mako dattawa biyu su leƙa ba tare da sanarwa ba. Malamin nan mai makara, in ya san ana zuwa, zai gyara ko ya nemi canji. A ƙarshen kowane zango kuma a tara yaran unguwa a ƙofar masallaci, na gwamnati da na kuɗi gaba ɗaya, a ba su jarida ɗaya su karanta a gaban iyayensu. A nan kowa zai ga abin da ya saya.

Autana dai na mayar da shi inda na ɗauko shi, aka mai da shi baya aji ɗaya, ya yi kuka, ni ma na ji kunya. Yanzu shi ke karanta mini saƙon direbobi a waya, shi ke rubuta mini bashi a littafi.

Alhaji, ban rubuta wannan don in ci maka fuska ba. Na san kishin yaran nan ne ya sa ka ɗauki biro, kuma ba don rubutunka ba da ni ma ban shiga na duba ba. Abu ɗaya nake roƙo. Ran Litinin mai zuwa zan bar rumfa a rufe, in tsaya a ƙofar gidanka ƙarfe bakwai da rabi. Ka zo da jaridar da ka ga dama, ka zaɓi ajin da ka ga dama, ka nuna yaran da hannunka. Ka taho da jikanka na makarantar kuɗi shi ma ya karanta tare da su. In muka fito ka ce har yanzu gawa ka gani, ni zan tsaya a gaba in ja sallar, in kuma dawo wannan shafin in ba ka haƙuri a gaban kowa. In kuwa ka ji numfashi, to ka zo taron da kuɗin kwano.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya ba su ilimi mai amfani na duniya da lahira, ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu. Wassalamu alaikum.